Daga Kyandir Zuwa Agogon Kwamfuta

A kowane irin gwanjo, babu abin da ke haddasa gardama kamar lokacin rufe tayi. A Ingila, cikin ƙarni na 17, kyandir ne alƙali. Akan kunna guntu mai tsawon inci ɗaya, jama'a su yi ta tayawa, wanda ya yi tayin ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ke da kaya.

A shekarar 1662 wani jami'in ofishin sojan ruwa, Samuel Pepys, ya halarci gwanjon tsofaffin jiragen ruwa a Landan. Ya lura da wani mutum wanda kullum tayinsa ne na ƙarshe, har ya tambaye shi asirin abin. Ashe hayaƙi yake kallo. In wutar ta zo mutuwa hayaƙin yakan sunkuyo, a nan ne shi kuwa yake buɗe baki.

Shekara 333 bayan haka, watau a 1995, Pierre Omidyar ya buɗe dandalin gwanjo a intanet daga Kalifoniya ta Amurka, wanda daga baya ya zama eBay. Cikin kayan farko da aka sayar har da wata 'yar fitilar nuna rubutu a allo, matacciya ma, a kan dala 14 da santi 83. Ba da jimawa ba masu tara kan sarki da tsofaffin tsabar kuɗi da 'yan tsana suka yi wa wurin ca. Dalilinsu kuwa a fili yake: dā abin da dillalin garinku ya taya shi ne farashi, yanzu kuwa mai saye yana iya kasancewa a hayin teku.

Sai dai agogo ya gaji kyandir. Mai kaya yakan sa wa'adi, misali kwana 7, kuma a kan daƙiƙa ake rufewa. Nan da nan magadan mutumin nan mai kallon hayaƙi suka bayyana. Sukan yi lamɓo har ya rage 'yan daƙiƙu, sa'an nan su jefa tayinsu, su bar wanda ya yi mako yana gadin kaya yana cizon yatsa. Wasu ma, don ƙwarewa, kwamfuta suke wakiltawa ta yi musu suna barci.

Kamfanin Amazon ya buɗe nasa gwanjon a 1999 da wata ƙa'ida dabam: ba a rufewa sai an yi minti 10 babu sabon tayi. Ƙa'idar ta fi adalci, a ganina. Amma gwanjon bai yi nasara ba, don masu saye suna can eBay.