Yadda ake zaɓen inbata domin kunna kayan lantarki cikin mota

A ƙasashe irin su Amurka da Faransa akwai motocin da ake ƙerawa da ɗakin kwana da madafa a ciki, iyali su shiga su tafi yawon hutu na kwanaki. Duk abin da suke kunnawa a hanya, kamar telebijin da kwamfuta da firji, daga batir yake shan wuta. Mai motar da ke dogon rangadi zuwa karkarar Tahoua ko ta Zinder, inda babu wutar gari, shi ma buƙatarsa ke nan. Na'urar da ke wannan aiki ita ce inbata. A kan kwalinta za ka ga an rubuta convertisseur ko onduleur da Faransanci. Kafin ka fitar da kuɗinka, ka auna kayanka, ka auna batirinka, domin babbar lambar da ke jikin kwali ba ita ce ma'auni ba.

Mene ne aikin inbata?

Wutar batir tana gudu ne ta fuska ɗaya, kuma ƙarfinta bolt 12 ne a ƙananan motoci, bolt 24 a yawancin manyan motocin dakon kaya. Wutar gari kuwa kai-da-komo take yi, kuma a Nijar ƙarfinta bolt 220 ne, tana juyawa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Inbata tana karɓar ta farko ta mai da ita irin ta biyu. Ba ta ƙirƙirar wuta, ba ta kuma ajiye ta. Hasali ma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ta karɓa yana salwanta ta hanyar zafi.

Abu na farko: duba shiga da fita

Lalle ne abin da inbata ke karɓa ya dace da batirinka: 12 V ko 24 V. Sannan ka duba abin da take fitarwa. Wadda aka yi domin motocin Amurka bolt 120 take bayarwa, da juyi 60 cikin daƙiƙa, saboda haka ba ta dace da kayan da aka yi wa bolt 220 ba. Irin waɗannan sukan shigo kasuwa cikin kayan gwanjo. Ka nemi wadda aka rubuta mata 220 V ko 230 V, da 50 Hz.

Abu na biyu: lissafin wat

Kowace na'ura tana da ƴar takarda a bayanta ko jikin cajarta, inda aka nuna wutar da take sha da harafin W, wato wat. Idan amper kawai aka rubuta, da harafin A, sai ka ninka shi da bolt. Ka tara wat na duk abin da za ka kunna lokaci guda. Ga misali:

- kwamfutar hannu: wat 65
- majigi: wat 250
- ƙaramar lasifika: wat 40
- cajar salula huɗu: wat 40

Jimla wat 395 ke nan, ka ce 400. Sai ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu domin kada na'urar ta yi aiki a iyakar ƙarfinta. Ashe inbata mai wat 500 kake buƙata.

Ka lura, lambobi biyu ake rubutawa a kwali. Ƙaramar ita ce abin da inbata ke iya ɗauka tana ta aiki ba tsayawa. Babbar, wadda sau da yawa ninki biyu ce, ta ɗan lokacin tashi ce kawai. Da ƙaramar za ka yi lissafi. Babbar tana da amfani ga kayan da ke da inji a ciki, irin su firji, domin lokacin tashinsa yakan ja ninki uku ko fiye na abin da yake sha idan ya daidaita.

Abu na uku: irin wutar da take fitarwa

Inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta sumul, kamar ta gari, wadda ake rubuta wa pur sinus. Akwai kuma mai araha, wadda wutarta ke tafiya hawa-hawa kamar matakala, ana rubuta mata quasi sinus ko pseudo sinus. Mai arahar tana iya kunna fitila da wasu cajoji, amma tana sa fanka ƙugi, tana sa injin firji zafi, tana kawo ƙara cikin lasifika, kuma takan lalata wasu na'urori masu laushi. Idan kayanka sun haɗa da firji, majigi ko na'urar asibiti, to ka sayi ta farkon ko da ta fi tsada. Araha ba ta ado.

Abu na huɗu: ƙarfin batir

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Ga hanya mai sauƙi: a batir mai bolt 12, ka raba wat da 10, ka sami amper ɗin da za a ja. Kayan wat 400 za su ja kimanin amper 40. Batirin da aka rubuta wa 100 Ah, idan na darma ne, rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a sha, in ba haka ba zai mutu da wuri. Saboda haka kayan misalinmu za su yi wajen awa ɗaya da kwata kafin a tsaya. Batirin litiyom yana ba da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, sai dai ya fi tsada.

Batirin tada mota ba a yi shi domin a riƙa shanye shi ba. Wanda ya kwana yana jan wuta daga gare shi, da safe zai nemi masu tura mota. Ka sa batir na biyu, irin na hasken rana, tare da na'urar da ke raba shi da na mota idan an kashe inji. Butar lantarki da dutsen guga suna shan wat 1000 zuwa 2000, wato amper 100 zuwa 200. Waɗannan ka bar su a gida.

Abu na biyar: haɗawa da tsaro

1. Ramin kunna sigari yana ɗaukar amper 10 zuwa 15 ne kawai. Inbatar da ta wuce wat 150 kai tsaye ake haɗa ta da batir.
2. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri, gajeriya. Siririyar waya tana zafi har ta narke, kuma daga nan gobara ke tashi.
3. A sa fis kusa da kan batir mai alamar +, domin ya tsinke idan wayoyi suka haɗu.
4. Kada a juya + da −. Kuskure ɗaya ya isa ya ƙone na'urar.
5. A ajiye ta inda iska ke shiga, nesa da rana da jarkar mai. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka. A riƙa share ƙurar da ke toshe fankarta, musamman lokacin hunturu.
6. Kada a rufe ta cikin akwati ɗaya da batirin ruwa, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji.
7. A kashe ta idan ba a aiki da ita, domin tana shan wuta ko ba a jona mata komi ba.
8. Wutar da take fitarwa tana kisa kamar ta gari. A nisanta yara da jiƙaƙƙen hannu daga gare ta.

Shawara ta ƙarshe

Idan salula da fitila kaɗai za ka yi wa caji, ba ka buƙatar inbata: cajar mota mai USB ta isa, kuma ba ta ɓarnar wuta. Idan kuwa buƙatarka ta wuce haka, ka rubuta wat na kayanka a takarda, ka tafi da ita shago, ka sa a gwada na'urar da kayanka a gabanka. Haɗawar kuma ka ba ƙwararren mai gyaran wutar mota.