Gwarzon gem na shekara: yadda duniya ke zaɓen nata, da yadda Tasawa ke zaɓen nata

 Yau a fagenmu na tarihi za mu taɓo wani abu da manya da yawa ke ɗauka shiririta ce ta yara, alhali kuwa ya shiga unguwanninmu, yana cin kuɗinmu da lokacin 'ya'yanmu. Muna nufin gem, wasannin nan da ake jona na'urarsu da tele a buga.

Mu 'yan Nijar mun san yadda ake fidda gwani na shekara. Tun 1975 da anka fara kokowar takobi a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maradi ya zama zakara na farko, kowace jiha na kai 'yan kokowarta, a kara a bainar jama'a, wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba ya tafi da takobi. To, su ma masu gem suna da nasu takobin, kuma a watan Disamba suke ba da shi, kusan lokacin da mu ma a 'yan shekarun nan muke jiran namu. Tambayarmu ita ce: daga ina wannan al'ada ta samo asali, kuma me ya sa wasan da sunka zaɓa can ba shi ne ake bugawa a rumfunanmu ba?

Na'urar gem ta farko da anka sayar don amfanin gida sunanta Magnavox Odyssey. Ta fito a Amurka a 1972, ƙirar wani injiniya mai suna Ralph Baer, wanda iyayensa sunka gudo da shi daga Jamus a 1938. Ba ta da sauti ko kaɗan. 'Yan ɗigo-ɗigon haske ne ke yawo a fuskar tele, sai a manna wata leda mai zane a kan gilashin don ta zama filin wasa. A 1977 kamfanin Atari ya fito da tasa mai amfani da kaset, wadda ake cire wannan wasa a sa wancan, kasuwa ta buɗe.

Da kuɗi sunka shigo, kowa ya zama maƙeri. Kamfanoni sunka riƙa zubo wasanni marasa kan gado, mai saye bai san na kirki ba bai san na banza ba sai ya kai gida. Mutane sunka gaji, sunka daina saye. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta rushe: cinikin da ya haura dalar Amurka biliyan 3 ya dawo wajen miliyan 100 a 1985. Atari ta kwashi dubban ɗaruruwan kaset ɗin da sunka yi kwantai ta binne a wani juji na garin Alamogordo. Shekaru da dama ana ɗaukar labarin kamar tatsuniya, sai a 2014 anka tono wurin anka same su.

Wanda ya ceto sana'ar shi ne Nintendo, wani tsohon kamfanin Japan da anka kafa a birnin Kiyoto tun 1889 yana buga karta. Ya fito da na'urarsa Famicom a Japan a 1983, ya kai ta Amurka a 1985, shekarar da Super Mario Bros. ya fito. Dabararsa ita ce tankaɗe da rairaya. Ba wasan da zai hau na'urarsa sai da hatiminsa, kuma a Amurka ya kayyade wa kowane kamfani wasa biyar a shekara. A Ingila kuma, a wannan shekara ta 1983, anka fara kyautar Golden Joystick, inda masu buga wasan da kansu ke jefa ƙuri'a, wani wasa mai suna Jetpac ya zama gwarzo na farko. Ke nan asalin zaɓen gwarzon shekara bukatar mai saye ce: wanda ya taɓa ƙonewa da kuɗinsa yana son a gaya masa abin da ya cancanci saye.

Bikin da ya fi suna a yau shi ne The Game Awards, wanda ɗan jaridar Kanada Geoff Keighley ya kafa a 2014. Ana yin sa a birnin Los Anjalas, ana nuna shi kai tsaye ta intanet. Kafofin watsa labarai sama da 100 na ƙasashe daban-daban ne ke fidda wasanni shida, sannan a wajen zaɓen ƙarshe ƙuri'arsu ke da kashi 90 cikin 100, ta jama'a kashi 10. Cikin waɗanda sunka ci akwai The Witcher 3 a 2015, God of War a 2018, Elden Ring a 2022, Baldur's Gate 3 a 2023, da Astro Bot a 2024. Ku lura da wani abu: tun da anka fara, wasan ƙwallon ƙafa bai taɓa cin wannan babbar kyauta ba. An ware masa wani ƙaramin rukuni ne tare da wasannin tseren mota.

Yanzu mu dawo gida. Gem bai zo Tasawa ta jirgin sama daga Faransa ba. Ya biyo hanyar da rediyo, kaset ɗin finafinan Indiya da na Kano, da injin markaɗe sunka biyo: daga kasuwannin Kano da Katsina, ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maradi, sannan ya hau babbar hanyar da ta ratsa garinmu zuwa Damagaram. Wasu kuma 'yan ci-rani ne sunka zo da su a jaka daga Legas, Abijan ko Libiya. Abin da yawancinmu munka fara gani ba Nintendo na asali ba ne. Kwaikwayonsa ne ƙirar Sin, mai 'yar bindigar harbin agwagi da kaset ruwan ɗorawa da anka rubuta wa wasa dubu-dubu, alhali in ka duba wasa goma ne ake ta maimaitawa.

Akwai dalilin da ya sa kullum muke baya da taki ɗaya. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa, ta faɗi da rabi, duk kayan waje ya ninka kuɗi a dare ɗaya. A Disambar wannan shekarar Sony ya fito da PlayStation ta farko a Japan. Wa ke da kuɗin sabuwa a lokacin? Sai da ta tsufa a hannun wasu sannan ta iso mana. Daga nan ne abin da Turawa sunka ƙera don ɗakin yaro ɗaya ya zama sana'a a wurinmu. Mai gidan bidiyo, ko wani matashi mai ɗan jari, zai samu tele ɗaya ko biyu, benci, da rumfar zana ko shago, yara su biya 'yan daloli su buga wasa ɗaya, wanda anka ci ya tashi, na bayansa ya zauna.

Sarauniyar waɗannan rumfuna ita ce PlayStation 2. Ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, ba a daina ƙera ta ba sai farkon 2013. Tana da juriyar ƙura da zafi, masu gyara sun san cikinta, faifanta kuma ana samun sa da araha. A kanta ne matasanmu sunka san GTA San Andreas na 2004, God of War na 2005, da Mortal Kombat. Amma in za a tambayi duk wanda ya yi ƙuruciya a wancan zamani wane ne gwarzo, ba sai an tara alƙalai ba: ƙwallon kamfanin Konami ne, wanda Japan ta sani da Winning Eleven tun 1995, Turai kuma ta san shi da PES tun 2001. Musamman PES 6 na 2006, inda Adriano na Inter Milan ke da ƙarfin shot 99, har akan yi sharaɗi kafin a fara cewa ba mai ɗaukar Inter. Da yake kamfanin bai sayi izinin sunayen wasu kulob ɗin Ingila ba, a wasu fitowar wasan Manchester United ta zama Man Red, Arsenal ta zama North London, amma hakan bai dami kowa ba. Wasan na da wurin da ake gyara suna da riga, don haka mai haƙuri na iya zama ya haɗa Mena da hannunsa, musamman bayan da ta je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, ta sake zuwa a 2013.

Me ya raba zaɓenmu da nasu? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na farko kuɗi. PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan yuro 499, wato wajen jika 327 na sefa tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan. Sabon faifai ɗaya na yuro 70 ya kusa jika 46, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jika 42 ne a wata. Na biyu lokaci. Wasa irin Elden Ring na cin awa hamsin ko fiye kafin mutum ɗaya ya kai ƙarshensa, shi kuwa mai rumfa yana son wasan minti goma da mutum biyu za su biya, goma su tsaya kallo suna ihu. Na uku harshe. Baldur's Gate 3 cike yake da karatu da hira cikin Turanci ko Faransanci, ƙwallo kuwa ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya san dokarta. Na huɗu intanet, domin wasannin yanzu kafin su tashi sai sun sha data mai yawan gaske.

Na biyar, wanda ya fi duka, wuta. Yawancin lantarkin da NIGELEC ke rabawa a yankinmu daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, nan kusa da mu, ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, masu walda, masu ƙanƙara, teloli da masu rumfar gem duk jirgi ɗaya ya kwashe su, har zuwa Maris na 2024 da anka maido ta. Mai janareta ya ƙara kuɗin wasa, marar shi ya rufe. Wannan ya ƙara tura yara zuwa ga waya, wadda ake cajinta da hasken rana. Dama tun 2021 Konami ya sauya wa PES suna zuwa eFootball ya mai da shi kyauta, abokin hamayyarsa kuma, FIFA na kamfanin EA da ya faro a 1993, ya koma EA Sports FC a 2023.

Iyaye, ga inda maganar ta shafe ku. A jikin kwalin yawancin wasannin da ke fitowa daga Turai akwai lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18. Tsari ne mai suna PEGI da anka fara a 2003, yana nuna shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin ya buga. Ƙwallo lamba 3 gare ta. GTA da Mortal Kombat na yanzu 18 gare su, saboda kisa, zubar da jini da batsa. Amma faifan da ke zuwa mana ba kwali, ko kuma an zuba wasan cikin na'ura ne kai tsaye, don haka ɗan shekara tara na zaune yana buga abin da waɗanda sunka ƙera shi sunka hana nasu 'ya'yan. Ga kuma 'yar cacar da ke shigowa da sunan wanda anka ci ya biya, ga fashin makarantar boko da ta allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Duk da haka ba mu ce a kona rumfunan ba. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje, kuma yaron da ke zaune a rumfa an san inda yake. Abin da muke nema shi ne uba ya taka ya leƙa, mai rumfa kuma ya rufe lokacin karatu da lokacin salla, ya hana ƙananan yara wasan manya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matasa kuma, kada ku tsaya a bugawa kawai. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan da anka gina kan labaran Afirka. A Legas akwai Maliyo Games tun 2012. A Abijan ana bikin gem na FEJA tun 2017, inda matasan ƙasashen Afirka ke karawa. A Yamai ma wani matashi, Mahaman Sani Housseyni Issa, ya ƙera wasa mai suna Les Héros du Sahel. Mu da muke da dara, langa, kokowa, da tarihin garin da Heinrich Barth ya yada zango cikinsa tun 1851, ba mu rasa abin da za a mai da wasa ba.

Shawararmu ita ce, tunda alƙalan Los Anjalas ba su san da zamanmu ba, bana masu rumfunan Tasawa da Mayahi su haɗu lokacin hutun makaranta su shirya gasa ta unguwa-unguwa, da sanin masu unguwanni da iyaye, ba caca, ba zagi. A ƙarshe a jefa ƙuri'a a fidda wasan shekara bisa ma'auninmu: wanda kuɗinsa bai gagari talaka ba, wanda mutum biyu ke bugawa, wanda uba zai iya tsayawa ya kalla ba tare da ya kau da kai ba. Wane wasa kuke ganin ya cika waɗannan sharuɗɗa? Muna sauraronku. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.