Gimi: Ƙauyen Rake da Labarin Isawa

Wanda ya ratsa ƙasar Makarfi da rani, abin da zai fara cika masa ido shi ne rake. Daga Gazara zuwa Gubuchi, har a gangara Kudan da Hunkuyi, da wuya a sami fadamar da babu shi. Gimi na cikin wannan yanki, gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Makarfi kamar Gazara maƙwabciyarta, kuma layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya bi ta nan, aka kafa tasha. Sai dai tarihin da ya fi fito da sunanta daga wani wuri ya faro.

A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda wa'azinsa ya ba Annabi Isa matsayin da malaman birni ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi, mabiyansa suka watse, da yawansu suka nufi duwatsun Ningi. Su ake kira Isawa. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iso Zariya wurin Dakta Walter Miller, ɗan mishan na CMS da ke zaune a birni tun 1905. Suka karɓi Kiristanci, aka kuma samar musu wurin zama da noma a Gimi, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi.

Limamin da ya zauna da su, W. A. Thompson, mutumin tsibiran Karibiyan ne, ƙasar da ta shahara da rake da sukari. Rake ba baƙo ba ne a Zazzau. Ana shuka shi ana sha tun kafin Turawa. Abin da zaman Gimi ya kawo shi ne injin matse shi da dabarar dafa ruwan har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ɗanyen rake yana da nauyi, kuma kwanaki kaɗan yake yi ya bushe, amma curin mazarƙwaila jaki zai ɗauka ya kai kasuwa mai nisa ba tare da ya lalace ba. Manomi ya sami abin ajiyewa.

Fadamar da ta ba su rake ita ce kuma ta ci su. Kurmin bakin rafi matattarar ƙudan tsando ne, ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kashe mutane da dama cikin 'yan shekaru. Waɗanda suka tsira suka riƙa komawa Zariya, kuma da mishan ta tashi daga cikin birni zuwa Wusasa wajen 1929, can zuriyarsu ta taru. Shi ya sa tarihin gidajen boko na farko a Wusasa ba ya cika sai an ambaci Gimi.

Sana'ar kuwa ba ta bi su ba. Manoma Musulmi na yankin suka ɗauke ta, doki yana zagaya injin, yara suna tura rake, ana dafawa a manyan kasake. Yau injin mai amfani da mai ya maye gurbin doki a wurare da yawa, kuma motoci na loda rake daga Makarfi zuwa Kano da kudancin Najeriya.