Daga Fensirin Abdulkarim zuwa Kwamfuta: Tarihin Kwafar Zanen Duwatsu



Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa ya gifta ta Bidzar, a ƙasar Gidar, kusa da Figil. A can akwai shimfiɗaɗɗun fararen duwatsu na marmara waɗanda mutanen da suka sassaƙa wa da'irori da layuka. A 2006 Kamaru ta sa wurin cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Sai dai irin dutsen nan ne ake fasawa a yankin don siminti da kayan gini, ga ruwa da rana suna cin nasu rabon. Mu da muka yi karatun zaure mun san littafin da ba a kwafe ba, gara ce magajiyarsa. To, yaya ake kwafar dutse?

Hanyar farko ita ce ido da hannu. A 1850 Bajamushe Heinrich Barth, wanda daga baya ya ratsa Katsina da Kano da sunan Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus. A wani kwari na Fazzan ya tarar da sassaƙen shanu da mutane masu kawunan dabbobi. Ya zana su a takarda, ya kuma fahimci cewa wannan hamada ta taɓa zama makiyaya. Amma hannu yana zana abin da mai shi ya zata ne, ƙari da ragi ba sa rasa shiga.

Sai aka koma ɗora takarda a jikin dutse ana bin sawun zane. Haka ayarin Bafaranshe Henri Lhote ya yi a Tasili ta Aljeriya daga 1956. Sukan jiƙa zanen fenti da soso don launi ya fito, jiƙawar kuwa ta cutar da shi. Garin neman gira aka taɓa ido.

Hanya ta uku ita ce ɗaukar gurbi. A Dabus ta Nijar, tsakanin Agadas da Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa dubban shekaru da suka wuce, babban ya kai mita 5.4. A 1999 aka shafa musu wata irin roba, ta bushe, aka ɓare ta da siffarsu, aka zuba kwafi na alminiyam da aka kafa a filin jirgin saman Agadas. Aiki ya yi kyau, amma yana da tsada, kuma sai an taɓa dutsen.

Falalar hanyoyin yau ita ce ba a taɓa komai. A ta farko, mai kyamara yana zagaya dutsen yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kowanne ya hau gefen na baya. Manhajar kwamfuta sai ta nemo ɗigon da ya bayyana a hotuna da dama, ta lissafa inda yake, har ta gina siffar dutsen da tsawonsa da faɗinsa da zurfin kowane tsagi. A ta biyu, kyamara na kafe wuri guda, fitila ce ke yawo. Kowa ya san sawu ya fi fitowa a rairayi da hantsi ko la'asar, lokacin da haske ya karkata. Haka mai bincike ke karkata hasken a allon kwamfuta har layin da ya dushe ya bayyana, a gane wane zane ya hau kan wane, wato wanne ya riga wanne.

Ajiya ma ta sauya. Daga 2013 Gidan Tarihin Birtaniya ya soma tsara hotuna kimanin 25,000 na ƙungiyar TARA mai mazauni a Nairobi, ya ɗora su a intanet don kowa ya gani.

Sai dai kyamara ba ta jin magana. Sunan wuri da abin da dattawansa ke faɗa a kansa, sai an zauna an tambaya. Mu Hausawa ba mu ce kakanninmu suka sassaƙa Bidzar ba, amma maƙwabtaka na da hakki. Saboda haka muna kira ga matasanmu masu waya: ku nemi izinin masu ƙasa, kada ku jiƙa zane, kada ku bi shi da alli ko ku rubuta sunanku a kai. Ku ajiye ma'auni a gefe, ku ɗauki hotuna masu hawa juna, ku rubuta rana da wuri da sunanku kamar yadda mai kwafar littafi ke yi a shafin ƙarshe, sannan ku bar wa mutanen garin kwafi.

Allah ya sa mu dace.