Zane mai tudu: daga bangon Zariya zuwa ɗakunan baje koli na Ndjamena

Zane mai tudu shi ne zanen da ba ya kwanciya a shafe kan takarda ko ƙyalle. Ana rataye shi a bango kamar kowane zane, amma yana da kauri, yana da tudu da kwari, har yakan yi inuwa idan haske ya buge shi. Ban da fenti, mai yin sa kan yi aiki da ƙarfe, waya, katako, tsumma, kwalta ko yumɓu. Wannan ne ya sa masana ke ajiye shi tsakanin zane da sassaƙa. A irin wannan aiki, kayan da aka harhaɗa su ne ke ɗauke da rabin saƙon.

Tushensa a ƙasar Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin zanen da ke tasowa daga bango. Maginan Kano, Zariya da Damagaram sukan tayar da ado a fuskar zaure tun laka tana ɗanya, su fitar da dagi, takobi ko allo, sannan a shafe da makuba ko a bi da launi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, yana cikin gine-ginen da suka yi suna da irin wannan ado. Har yau ana ganin sa a unguwar Birni ta Damagaram. Bambancin kawai shi ne adon magini yana manne da gida, shi kuwa aikin mai zanen zamani ana iya sauke shi a kai wani gari.

Yadda ya shiga zanen zamani

A Turai, Pablo Picasso ya manna wani ƙyalle mai hoton saƙar kujera a cikin zanensa a 1912, ya kewaye shi da igiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Alberto Burri na Italiya ya riƙa ɗinka tsofaffin buhuna, yana shafa kwalta, yana ƙona roba, yana rataye su a matsayin zane.

A yankinmu kuwa, labarin ya bi ta Zariya. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da fasahar gida. Daga baya Onobrakpeya ya yi fice wajen fitar da hoto mai tudu daga farantin da ya sassaƙa, sannan ya shafa masa launi.

Wanda ya fi kowa kai wannan salo duniya shi ne El Anatsui, haifaffen Ghana a 1944, wanda ya koyar a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tun daga 1975. Shi da mataimakansa sukan daddaƙe dubban marafan kwalaben giya, su ɗinke su da wayar jan ƙarfe, su zama kamar makeken bargo mai walƙiya. Marafan suna tunatar da cinikin barasa da bayi tsakanin Turai da gaɓar Afirka. Ya karɓi kyautar Zakin Zinare a bikin Venis na 2015, kuma a 2023 gidan Tate Modern na Landan ya ba shi babban zaurensa shi kaɗai. A Mali, Abdoulaye Konaté yana jera yankakkun ƙyallayen shadda da aka rina, launi bisa launi. A Tamale ta arewacin Ghana, Ibrahim Mahama yana haɗa buhunan algarara da suka yi dakon koko da gawayi, har ya lulluɓe gini guda da su.

A Chadi

Sunan da aka fi ji a wannan fanni a Chadi shi ne Doff, wanda sunansa na yanka Apollinaire Guidimbaye. Da harshen Wolof, Doff na nufin mahaukaci. Yana aiki a Ndjamena da kayan da mutane suka zubar: waya, guntayen ƙarfe, kwanson harsashi, da paxalu, wato shimfiɗar kwalta mai fuskar alminiyam da ake toshe yoyon rufi da ita. Kwalta tana laushi idan ta ji wuta, ta kumbura, ta yamutse, sannan ta daskare da siffar da aka ba ta. Daga nan ake samun fuskar zane mai kama da tabon ƙuna.

Duk wanda ya zaga unguwannin birnin, daga Boutalbagar zuwa kasuwar Dembe, ya san waɗannan kaya. Kwanson harsashi kuwa yana da nasa nauyin a Chadi. An gwabza yaƙi a cikin Ndjamena a 1979 da 1980, ƴan tawaye kuma sun shiga birnin a watan Fabrairun 2008. Hissène Habré, wanda ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Mutumin da ya rayu cikin waɗannan shekaru, idan ya ga kwanso a jikin zane, ba ya bukatar tafinta.

Baje kolin mutum ɗaya

Baje koli iri biyu ne: na taro, inda masu zane da yawa ke kawo aiki ɗaya ko biyu, da na mutum ɗaya, inda ake ba mai zane ɗaki gaba ɗaya. Na biyun ne ke nuna inda mai zane ya dosa, domin mai kallo yana ganin ayyuka da yawa a jere, ya gane abin da ke maimaituwa da abin da ya sauya.

Zane mai tudu yana da nasa sharuɗɗan. Ana haska shi daga gefe don inuwa ta fito. Yana bukatar bango mai ƙarfi saboda nauyinsa, da fili don mai kallo ya matsa dama da hagu, tunda kamanninsa na sauyawa da inda aka tsaya. Hoton wayar salula yana shafe tudun, shi ya sa gani da ido ya fi. Ba a taɓa aikin da hannu, ko da ya ja hankali.

Abin da ke gabansa

A Ndjamena wuraren baje koli kaɗan ne, kuma Cibiyar Al'adun Faransa tana cikin waɗanda suka daɗe suna karɓar masu zane. Masu neman kasuwa sukan dubi bikin Dak'Art na Dakar, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, ko gidajen sayar da zane na Paris. Kai aiki mai nauyi can yana da tsada, kuma wanda aka saya ba kasafai yake dawowa ba. Ta haka ne aikin da aka yi da tarkacen unguwa, kan tarihin mutanen unguwa, yakan ƙare a inda su ba za su gan shi ba. A gida kuma siminti da bulo suna maye gurbin bangon laka da adonsa. Don haka idan aka buɗe baje koli a garinku, ku je ku gani tun kafin a sauke kayan, ku tafi da yara da ɗalibai.