Furotin matattara

furotin matattara (suna, namiji; fannin kimiyyar halittu)

1. Furotin da ke riƙe wasu furotin wuri guda cikin ƙwayar halitta, domin saƙo ya isa inda ake bukata. Alal misali, PSD-95, wanda aka bayyana a 1992, yana mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yana daidaita masu karɓar saƙo. Par-3 kuwa yana taimaka wa ƙwaya ta bambance samanta da ƙasanta.

2. Na ɗakin gwaji: irinsa da masana ke samarwa ta hanyar dasa ƙwayar gadon ɗan'adam cikin bakteriyar E. coli, sannan su tace shi don bincike.

*Misali:* Idan furotin matattara ya lalace, saƙon jijiya yakan rikice.