Tsofaffin Finafinai a Matsayin Madogarar Tarihin Gwanayen Wasan Kurket

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba matsayin tsofaffin finafinai a cikin madogaran da mai nazarin tarihi yake aiki da su, tare da ɗaukar misali daga wasan kurket. Dalilinmu na zaɓen wannan wasa shi ne, da wuya a sami wani wasa da aka kula da rubuta lissafinsa kamarsa, don haka yana da sauƙi a ajiye abin da alƙalami ya rubuta kusa da abin da kyamara ta ɗauka, a gwada su. Hausawa kan ce gani ya kori ji. Za mu yi ƙoƙarin nuna inda wannan magana ta tabbata dangane da gwanayen da suka shuɗe, da kuma inda gani shi kaɗai yake iya ɓatar da mai nazari.

Ga waɗanda ba su saba da wasan ba, ƙungiya 2 ne suke karawa, kowace da mutum 11. Mai jifa yana jefa ƙwallo mai tauri don ya kayar da 'yan sanduna 3 da aka kafa a ƙasa, shi kuwa mai bugu yana tsaye a gabansu da faffaɗar sanda yana karewa, yana kuma tara maki da bugun da ya yi. Babbar karawa tsakanin ƙasashe ita ake kira Tes, an kuwa fara ta a 1877 tsakanin Ostireliya da Ingila a birnin Melbon.

2.0 Abin da Fim Ya Adana

Littafin lissafi yana gaya mana adadin makin da mutum ya ci, da ranar, da filin. Amma ba ya iya nuna mana tsayuwarsa, ko yadda yake murza wuyan hannu, ko saurin ƙafarsa. A nan ne fim yake da fifiko a kan kowace madogara.

Fim mafi tsufa na kurket da ya rage a yau shi ne wanda aka ɗauka a Sidni a 1897. Yana nuna Ranjitsinhji, ɗan sarautar Nawanagar ta Indiya wanda ya buga wa Ingila wasa, yana gwajin bugu. Tsawonsa bai kai minti 1 ba. Marubutan zamaninsa sun cika takardu da yabon laushin hannunsa, musamman yadda yakan karkatar da ƙwallo ta gefen ƙafarsa maimakon ya maka ta da ƙarfi. Fim ɗin bai nuna dukkan wannan ba, amma a cikinsa muna ganin mutumin da kansa yana motsi, muna ganin sauƙin ɗaga sandarsa, abin da ba don kyamara ba da sai dai mu yarda da faɗar wasu.

Misali na biyu ya fi wannan nauyi. A karawar 1932 zuwa 1933 a Ostireliya, shugaban ƙungiyar Ingila, Douglas Jardine, ya ɓullo da dabarar auna jikin mai bugu da jifa mai tsananin gudu, don ya dakushe Don Bradman. Harold Larwood ne babban mai aiwatar da ita. A filin Adelaide, cikin Janairu 1933, ƙwallo ta sami Bill Woodfull a ƙirji, ta kuma fasa wa Bert Oldfield ƙoƙon kai. Littafin lissafi cewa kurum ya yi Ingila ta ci 4 da 1, Larwood ya fitar da mutum 33. Sai a fim ne ake ganin masu tsaro sun yi cincirindo a gefe guda kusa da mai bugu, ana ganin manyan gwanaye suna sunkuyawa don tsira da kawunansu. Wanda ya kalli wannan ba ya bukatar dogon bayani kafin ya fahimci abin da ya sa rikicin ya kai ga musayar zafafan saƙonni tsakanin hukumomin wasan na ƙasashen biyu, har daga baya aka gyara doka.

3.0 Inda Fim Yake Ruɗarwa

Duk da wannan amfani, akwai abubuwa 3 da ya wajaba mai nazari ya kiyaye.

Na farko ya shafi na'urar kanta. Kyamarorin farko da hannu ake juya su, suna ɗaukar hoto wajen 16 zuwa 18 a daƙiƙa. Da fim mai magana ya zo, sai aka tsayar da 24 a daƙiƙa. Saboda haka in aka haska tsohon fim da saurin sabon, sai 'yan wasa su riƙa zabura kamar masu wasan barkwanci, mai kallo ya raina su a kan laifin da ba nasu ba. Haka kuma sau da yawa daga nesa ake kafa kyamara, a gefen fili, inda ba a ganin lanƙwasar ƙwallo a iska ko juyawarta bayan ta taɓa ƙasa, alhali a nan gwanintar mai jifa take.

Na biyu, mutumin da ya san ana ɗaukarsa ba lalle ne ya yi abin da ya saba yi ba. A 1901 alƙalin wasa Jim Phillips ya hukunta Arthur Mold na ƙungiyar Lancashire har sau 16 a wasa guda, bisa zargin yana miƙe gwiwar hannunsa yayin jifa, abin da doka ta hana. Sai kamfanin Mitchell da Kenyon suka je filin Old Trafford suka ɗauke shi yana jifa ga A. N. Hornby, aka riƙa nuna wa jama'a. Wannan fim yana nan, domin yana cikin ɗaruruwan finafinan kamfanin da aka gano a 1994 a garin Blackburn, cikin ganguna a ƙarƙashin wani kanti. To amma shaidarsa ba ta raba gardama ba, tun da gwaji ne aka shirya wa kyamara, ba wasa ne na gaske ba. Abin da fim ɗin ya tabbatar shi ne, tun a farkon ƙarni na 20 mutane sun fara neman kyamara ta zama alƙali. Mold dai bai sake farfaɗowa daga wannan zargi ba.

Na uku, masu labarun majigi ba adana tarihi ne sana'arsu ba. Kamfanoni irin su Pathé da Movietone 'yan mintoci kaɗan suke bukata don nunawa a gidan silima kafin babban fim, don haka sukan zaɓi abin da zai girgiza 'yan kallo. Dubi Bradman. Ya buga Tes 52, ya ci maki 6,996, an fitar da shi sau 70, watau matsakaicinsa 99.94 ke nan, wanda har yau ba a sami wanda ya kusance shi ba. Amma ɗaya daga cikin hotunansa da aka fi maimaitawa shi ne na bugunsa na ƙarshe a filin Oval a Agusta 1948, inda Eric Hollies ya kayar da sandunansa a jifa ta 2 bai ci ko ɗaya ba, alhali maki 4 kawai yake nema matsakaicin ya cika 100. Wanda ya dogara da wannan guntu zai san faɗuwar Bradman ta minti 1, ya jahilci aikinsa na shekara 20.

4.0 Waɗanda Kyamara Ba ta Gani Ba

Matsalar da ta fi duk waɗannan girma ita ce ta abin da ba a ɗauka ba sam. Sydney Barnes na Ingila ya fitar da mutum 189 a Tes 27 kacal tsakanin 1901 da 1914, amma a yau lissafi da shaidar waɗanda suka kara da shi ne ginshiƙin sunansa. Wannan laifin zamani ne. Akwai kuma giɓin da mulki da wariya suka jawo. Basil D'Oliveira, wanda aka haifa a Cape Town a 1931, dokar wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta hana shi shiga manyan gasa a ƙasarsa. Sai a 1960 ya tafi Ingila, bai kuwa buga Tes ba sai a 1966. Finafinan da aka san shi da su na mutum ne da ya haura shekara 30. Ƙuruciyarsa ta ƙare a filayen da masu labarun majigi ba sa waiwaya.

Ko a zamanin talabijin sa'a tana da hannu. A 1968 Garfield Sobers, mutumin Barbados, ya buga jifa 6 a jere kowace ta tsallake iyakar fili, a garin Swansea, aka kuwa yi dace kyamarar BBC tana wurin, shi ya sa duniya take kallonsa har gobe. A ranar 18 ga Yuni 1983 kuwa, a gasar cin kofin duniya, Kapil Dev ya sami Indiya tana gab da rushewa a hannun Zimbabuwe, ya ci 175 ba a fitar da shi ba, Indiya ta tsira har ta je ta ɗauki kofin. Ba a ɗauki wannan wasa a talabijin ba. Babu mai cewa bajintar Kapil Dev ta gaza ta Sobers, amma ɗaya ana ganinta, ɗaya kuwa sai ji.

Ga shi kuma ba duk abin da aka ɗauka ya rayu ba. Fim ɗin da aka yi amfani da shi har zuwa farkon shekarun 1950 yana ruɓewa, yana kuma saurin kama wuta, sa'an nan gidajen talabijin sun daɗe suna goge kasakasai don su sake amfani da su.

5.0 Kammalawa

Tun daga 2014, lokacin da British Pathé ta zuba finafinai kimanin 85,000 a YouTube, abin da a da sai mai izinin shiga taskar ajiya yake gani ya zama a hannun kowane ɗalibi. Wannan alheri ne, amma yana tafe da haɗarin a riƙa auna girman gwanaye da yawan hotunansu. In aka yi haka, waɗanda talauci ko wariya ko rashin sa'a suka ɓoye wa kyamara za a sake zaluntarsu a karo na biyu, wannan karon a hannun masana.

Shawararmu ita ce a ɗauki fim kamar yadda muke ɗaukar takardar jami'in mulkin mallaka ko kirarin maroƙi. A tambayi wanda ya ɗauka, da wanda aka ɗauka domin ya kalla, da abin da aka yanke, da saurin da aka haska shi. Sa'an nan a gwada shi da littafin lissafi, da jaridun lokacin, da bakin waɗanda suka halarta. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga kurket ba. Tana hawa kan duk wani tsohon fim da muke neman kafa hujja da shi, har da finafinan majigi da aka ɗauka a garuruwanmu.